Tambaya Ba Rashin Ladabi Ba Ce: Tsokaci a Kan Koyarwar 'Yan Dao Game da Tsare Maniyyi da Amincin Masu Koyar da Ita

Gabatarwa

Kwanakin baya wani abokin karatuna, magidanci mai mata da 'ya'ya, ya zo mini da wani littafi da ya saya a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, yana ta rawar jiki kamar wanda ya tsinci dami a kala. Da Turanci aka rubuta littafin, yana kuwa bayani ne a kan wata tsohuwar koyarwa ta mutanen ƙasar Sin mabiya tafarkin Dao, wadda ke cewa maniyyin ɗa namiji shi ne taskar rayuwarsa, kuma duk wanda ya iya saduwa da iyali ba tare da ya zubar da shi ba zai sami ƙarfin jiki da kaifin basira da tsawon rai. Bayan wata uku muka sake haɗuwa, na tambaye shi abin da ya samu. Ya ce ban da ciwon mara da ƙarancin barci bai ga komai ba tukuna, amma ai laifinsa ne, domin duk wanda bai ga amfanin abin ba, to bai ƙware ba ne. Wannan amsa tasa ita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami.

Ina neman afuwar mai karatu, domin na san Bahaushe mutum ne mai kunya, ba ya son a faɗi irin waɗannan abubuwa a bainar jama'a. Sai dai kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin wanka a littattafan fiƙihu ya san cewa ilimi ba ya tafiya sai an kira abu da sunansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba tambaya guda: idan malami ya zo da da'awar da ta shafi jikin mutum da mutuncin iyalinsa, ya kuma ce hujjarsa ita ce daɗewar koyarwar da girman waɗanda ya gada, shin almajiri yana da haƙƙin yin shakka, ko kuwa shakkar tasa rashin ladabi ce?

Tushen Al'amarin

Dao a harshen Sinanci na nufin hanya ko tafarki. Masanan wannan tafarki sun ɗauka cewa abubuwa uku ne ke riƙe da rayuwar ɗan'adam. Na farko shi ne jing, watau tsantsar ruwan rayuwa, wanda a jikin namiji suka danganta shi da maniyyi. Na biyu shi ne qi, wanda ake furtawa kamar "ci" namu na Hausa, watau iskar rai mai zagayawa cikin jiki. Na uku shi ne shen, wanda ya yi kusa da abin da muke kira ruhi. A ganinsu, an haifi kowa da ƙayyadadden rabonsa na jing, kamar hatsi a rumbu, kullum ana ɗiba, ranar da ya ƙare kuwa mutuwa ta zo. Saboda haka mai hankali shi ne wanda ya rage ɗiba, gwani kuwa shi ne wanda ya san yadda zai ƙara a kai.

Wannan tunani tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1973 masu binciken kayan tarihi sun tono wasu rubuce-rubuce a wani kabari da ke Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a cikinsu akwai waɗanda suka yi bayanin abin da Sinawa ke kira fasahar ɗakin kwana. Yawancin littattafan da suka biyo baya sun salwanta a ƙasar Sin, sai dai wani likitan fadar Japan mai suna Tamba Yasuyori ya kwafe sassa da yawa daga cikinsu a kundinsa na magani da ya kammala a 984. Haka nan shahararren likitan nan Sun Simiao, wanda ya rasu a 682, ya tsara wa maza jadawali: mai shekara 20 ya fitar sau ɗaya a kwana 4, mai 30 a kwana 8, mai 40 a kwana 16, mai 50 a kwana 20, mai 60 kuwa ya rufe ƙofa, sai fa in yana da sauran ƙarfi. Ƙololuwar fasahar ita ce abin da suka kira mayar da maniyyi ya ciyar da ƙwaƙwalwa, watau idan inzali ya matso sai namiji ya danne wata gaɓa tsakanin maraina da dubura, ya riƙe numfashi, da imanin cewa ruwan zai bi gadon baya ya hau kai.

A wannan zamani kuwa, wanda ya fi kowa yaɗa koyarwar a wajen ƙasar Sin shi ne Mantak Chia, haifaffen birnin Bankok na ƙasar Tailan a 1944, wanda ya koma Amurka, ya kuma fitar da littafinsa a kan noman ƙarfin namiji a 1984. Daga irin waɗannan littattafai, da kuma bidiyoyin da ke yawo a wayoyin hannu, koyarwar ta iso hannun irinmu.

Abin da Jiki Ya Ce

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Da'awar da ta shafi ruhi tana da wuyar aunawa, amma wadda ta shafi inda ruwa ke bi a cikin jiki abu ce da likita zai iya dubawa, an kuwa duba. Babu wata hanya da ta tashi daga maraina ta bi gadon baya zuwa ƙwaƙwalwa. Idan namiji ya danne waccan gaɓa, maniyyin yakan juya ne ya faɗa cikin mafitsara, daga baya ya fita tare da fitsari. Ashe dukiyar da ake zaton an kai ta sama an adana, bayan gida ta nufa. Daɗin daɗawa, misalin rumbu bai dace da halittar ɗa namiji ba, domin jikinsa na ƙera miliyoyin ƙwayoyin haihuwa a kowace rana tun daga balaga har tsufa, waɗanda ba su fita ba kuwa jiki ne ke narkar da su ya shanye. Rijiya ce mai tsattsafowa, ba randa ba ce.

Akwai kuma wani dogon bincike da masanan Jami'ar Habad ta Amurka suka buga sakamakonsa a 2016, bayan sun bi diddigin maza kusan dubu 32 na tsawon shekaru. Sun tarar da cewa waɗanda ke fitar da maniyyi sau 21 ko fiye a wata, haɗarin kamuwarsu da sankarar furostat, watau halittar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya yi ƙasa da na masu sau 4 zuwa 7 da kusan kashi 20 cikin ɗari. Wannan bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan ba, amma dai ya isa ya sa mai cewa fitar maniyyi na gajarta rai ya sake tunani.

Bai kamata mu yi wa Sinawan dā dariya ba, domin tsoron ƙarewar maniyyi ya game duniya. A Turai wani likitan ƙasar Suwizalan mai suna Tissot ya rubuta littafi a 1760 yana jingina cututtuka barkatai ga asararsa, Turawa suka yi fiye da ƙarni guda suna gaskata shi. A Indiya ma likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata damuwa da ke kama samari saboda wannan fargaba. Waɗancan mutanen dā sun yi iya ƙoƙarinsu da ilimin zamaninsu. Wanda ba shi da uzuri shi ne malamin yau da ya san abin da aka gano, ya kuma ci gaba da sayar da tsohon zance kamar ba a gano komai ba.

Shakkar 'Yan Gida

Mai kare koyarwar zai iya cewa wannan duk shakka ce ta baƙo wanda bai san dawan garin ba. To sai dai tarihi ya nuna cewa 'yan gida su suka riga kowa yin ta. Littafin Daodejing da ake jingina wa Laozi, wanda shi ne uwar littattafan tafarkin, bai koyar da waɗannan dabaru ba. Zhuangzi kuwa, na biyu a daraja, an ruwaito cewa da matarsa ta rasu an same shi yana kaɗa kasko yana waƙa, domin a wurinsa mutuwa juyi ce irin ta damina da rani, bai ga dalilin gudunta ba. Mutumin da ya ɗauki mutuwa haka, da wuya a ce shi ne tushen fafutukar tara ruwan jiki don a ƙi mutuwa.

Ge Hong, wanda aka haifa a 283, shi kansa mai neman dawwama ne, amma ya soki masu cewa fasahar ɗakin kwana kaɗai na iya mayar da mutum marar mutuwa. Ya nuna cewa jama'a sun ji tatsuniyar Sarki Huangdi da aka ce ya hau sama bayan ya sadu da mata 1,200, sai suka ɗauki wannan suka bar sauran. A ra'ayinsa iyakar amfanin fasahar shi ne ta warkar da ƙananan cututtuka, ta kuma hana mutum yi wa kansa illa da wuce gona da iri. A 415 kuma, Kou Qianzhi ya tashi gyaran ɗariƙar Malaman Sama, cikin abubuwan da ya soke har da bikin haɗa numfashi, wanda a cikinsa maza da mata mabiya ke saduwa ƙarƙashin jagorancin malami. Ɗariƙar Quanzhen da Wang Chongyang ya kafa a ƙarni na 12, wadda har yau tana cikin manyan ɗariƙu biyu na 'yan Dao, zaman zuhudu ba aure ta zaɓar wa malamanta. Ke nan wanda ya ce "haka 'yan Dao suka koyar" ya ɗauko murya ɗaya ce daga cikin gida mai muryoyi da yawa, ya ɓoye mana cewa an daɗe ana musu a cikin gidan.

Wa Ke Biyan Kuɗin?

A nan ne batun ya tashi daga na lafiya ya koma na ɗa'a. Idan rumbun namiji na raguwa, daga ina zai ƙara? Amsar da littattafai da dama suka bayar ita ce: daga jikin mace. Suka ce ya kai ta ga gamsuwa domin ta saki nata ƙarfin ya kwashe, shi kuwa ya riƙe nasa. Suka ba shi shawarar ya yawaita abokan kwana, ya zaɓi 'yan mata masu ƙananan shekaru waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kada kuma ya bari mace ta gane sirrin, don kada ta juya ta kwashe nasa. Wasu rubuce-rubucen na zamanin daular Ming ma ba su kiran macen da sunan mutum, tukunya suke ce mata, watau mazubin da ake dafa maganin dawwama a ciki. Gaskiya ne tsofaffin rubuce-rubucen sun kula da jin daɗin mace fiye da yadda al'ummomi da yawa suka yi, gaskiya ne kuma littattafan zamani sun ajiye zancen kwasa sun koma zancen musaya tsakanin masoya. Amma mai gaskiya ya kamata ya faɗa wa almajiransa cewa gyara ya yi, ya kuma faɗi abin da ya cire da dalilin cire shi.

Inda wannan tunani ya haɗu da mulki, an ga abin da ya haifar. Sarki Jiajing na daular Ming, wanda ya hau gado a 1521, ya miƙa wuya ga malaman da suka yi masa alkawarin dawwama, aka riƙa tara 'yan mata ƙanana a fada ana haɗa masa magani da jinin al'adarsu. A wani dare cikin 1542, kuyangi 16 suka haɗa baki suka zarga masa igiya a wuya yana barci, ƙullin ya ƙi zargewa, ya tsira, su kuwa aka yi masu kisan gilla. Masana tarihi da dama na danganta wannan yunƙuri da azabar da suke sha a fadar. Shi kuma mai neman dawwamar ya mutu a 1567 bai cika shekara 60 ba. Kafin shi, sarakuna da dama na daular Tang sun halaka ta hanyar shan magungunan tsawon rai masu zaiba da darma. Duk koyarwar da ribarta ke zuwa ga mai ƙarfi, asararta kuma ta faɗa kan wanda ba a nemi shawararsa ba, ta cancanci a tsananta mata bincike ko da ta shekara dubu biyu.

Ma'aunin Malami

To da me za a auna malami? Marubucin tarihin nan Sima Qian ya bar mana labarin da ya isa darasi. Wani mai suna Luan Da ya zo wa Sarki Wu na daular Han da cewa yana da malamai marasa mutuwa a tsibiran teku. Sarki ya naɗa shi sarauta, ya cika shi da dukiya, har ya aura masa 'yarsa. Da aka matsa masa ya je ya zo da malaman, sai ya kama hanya, sarki kuwa ya sa a bi shi a ɓoye. Aka tarar bai shiga teku ba, bai kuma gana da kowa ba. Aka kashe shi a shekara 112 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ba kisan ne abin koyi ba, bin sawun shi ne. Irin wannan bai ƙare ba. A 2010 asirin wani malamin Dao mai suna Li Yi, shugaban wani wurin ibada a dutsen Jinyun na Chongqing, ya tonu, bayan ya tara dubban mabiya da da'awar cewa ya taɓa yin fiye da sa'a biyu a ƙarƙashin ruwa ba numfashi. Da aka bincika aka ga dabo ne, ya sauka daga muƙaminsa na mataimakin shugaban ƙungiyar 'yan Dao ta ƙasar. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Mu da muka tashi cikin al'adar karatun Musulunci ba baƙi ba ne ga wannan aiki. Malaman hadisi ba su karɓi ruwaya don mai ita yana da kwarjini ko yawan ibada ba. Sun tambayi daga wa ya ji, ko sun yi zamani ɗaya, ko an san shi da gaskiya da kiyayewa, har suka gina fanni guda na tantance maruwaita, ba wanda ya ce sun yi rashin ladabi. Idan an yi wa masu ruwaito maganar addini wannan tankaɗe da rairaya, ina ga mai sayar da littafi a kan abin da zai faru a mararmu? Malaman wannan fasaha na zamani sukan jingina iliminsu ga wani dattijo da ya keɓe a kan dutse, kamar yadda Mantak Chia ya ce ya karɓa daga wani malami mai suna Yi Eng a Hong Kong. Ba tuhumarsa nake yi ba. Abin lura shi ne ɗalibin da ke karanta littafin a ɗakin kwanansa ba shi da wata shaida a kan wannan silsila sai maganar mai ita, kuma ko da silsilar ta inganta, ba za ta buɗe hanya daga maraina zuwa ƙwaƙwalwa ba. Ingancin isnadi na tabbatar da cewa an faɗi magana, ba ya mayar da kuskuren ilimin jiki ya zama daidai.

Alamar da ta fi kowace tayar mini da hankali kuwa ita ce wadda na gani a bakin abokina. Idan ya ji daɗi, koyarwa ta yi aiki. Idan ya ji ciwo, ƙarfi ne ke buɗe hanya. Idan bai ji komai ba, bai ƙware ba, sai ya ƙara sayen littafi ko ya biya kuɗin bita. An rufe duk wata ƙofa da za a iya cewa malam ya yi kuskure. Da'awar da babu wani abin da zai faru ya ƙaryata ta, babu kuma abin da zai faru ya gaskata ta. Malamin kirki yakan ce: ga abin da za ka gani, ga lokacin da za ka gan shi, in ba ka gani ba ka bar shi, in ka ji ciwo ka nufi asibiti.

Jawabi ga Masu Ja

Wani zai ce, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kuma babu ilimin da ke samuwa ba tare da an sallama wa malami ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ɗan koyo a maƙera yakan yi shekara yana zuga kafin ya san dalili. Amma ɗan koyon yana ganin fartanya da lauje na fitowa daga hannun maigidansa kowace rana, manoma na saye suna dawowa. Sallamawarsa tana kan abin da ido ya gani. Mai da'awar tsawon rai fa, ina fartanyarsa? Shekara fiye da dubu biyu ana wannan fasaha, ba a nuna mana al'umma guda ta masu yin ta da suka zarce sauran mutane a shekaru ba. In da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta.

Wani kuma zai ce shi ya gwada ya ji canji. Ban ƙaryata shi ba. Mutumin da ya rage wuce gona da iri, ya koyi daidaita numfashi, ya motsa tsokokin ƙugunsa, ya daina gaggawa ya kula da matarsa, lalle zai ga alheri, likitoci ma na koyar da wasu daga cikin waɗannan ga masu saurin inzali. Sai dai jin canji daban, bayanin dalilin canjin daban. Ana iya ɗaukar tsakaitawa da natsuwa a bar tatsuniyar rumbu, kamar yadda ake shan romo a bar ƙashi.

Kammalawa

Abin da wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa shakkar almajiri a kan irin wannan koyarwa haƙƙinsa ce, a wani lokaci ma wajibi ce a kansa, musamman da yake ba jikinsa kaɗai abin ya shafa ba, akwai baiwar Allah a gefensa wadda ba a tambayi ra'ayinta ba. Ge Hong ya yi shakka, Kou Qianzhi ya yi gyara, ba wanda ya kore su daga tafarkin. Ladabi ga malami shi ne a tambaye shi da tausasan kalmomi, a saurari amsarsa har ƙarshe. Idan ya amsa, daraja ta ƙaru. Idan kuwa ya fusata ya ce sirri ne, ko ya mayar da laifin kan mai tambaya, to ya ba da amsar da ta fi kowace bayyana.

Shi kuwa abokin nawa, na ba shi shawarar ya ga likita a kan ciwon marar, ya kuma zauna da uwargidansa ya gaya mata abin da ya shafe wata uku yana yi ba da saninta ba. Ya ce na farkon mai sauƙi ne, na biyun ne ke ba shi tsoro. Na ce masa, to daga nan ya kamata a fara. Allah Ya sa mu dace, Ya haɗa mu da malamai masu jure tambaya, amin.